Baƙin Maho a Farar Tuta

Maiwada ɗan Gwadabe maɗinki ne a Dutsen Maitama, wani ɗan gari mai ganuwa tsakanin Malumfashi da Tsiga, a shekarun da mahara daga arewa suka saba leƙo kudancin ƙasar Katsina kusan duk kaka. Ɗinkinsa ba abin a zo a gani ba ne. Taguwa ce da wando da hular manoma, kuma idan ya yanka maka wuyan riga sai ka ɗan karkata kai kafin ta zauna daidai. Amma mutum ne mai haƙuri da allura, kuma shi ke riƙon tutar gari, aikin da ya gada daga ubansa. Shi ya sa ko mai gari Sada ba ya kiran sunansa gatsau, sai dai ya ce Mai Tuta.

Tutar farar saƙar gida ce, a samanta akwai kalmar shahada da wani malami ya rubuta da tawada tun zamanin jihadi, har ta koɗe. An ce kakan mai gari ne ya kai ta birnin Katsina aka goga ta a jikin babbar tutar da ta zo daga Sakkwato, saboda haka mutanen gari ke ce mata jikanyar tuta. Ko an goga ɗin ko ba a goga ba, waɗanda suka gani duk sun riga mu gidan gaskiya. Ana fito da ita ranar Salla, ana kuma ɗaga ta bisa ƙofar gari idan hari ya taso, don na gona su hango su sheƙo.

Kowa da irin karatun da yake yi wa farin nan. Liman Shitu ya ce tauhidi ne, abin da ba a gauraya shi da komai, kuma tuni ne ga mai fita yaƙi cewa likkafaninsa ke gabansa. Maharba suka ce an yi ta fara ne kawai don a hango ta daga nesa. Manoma kuwa, da ba su cika son zurfafa magana ba, suka ce ai audugarsu ce. Sai Maguzawa, waɗanda ke zaune a gidajensu na noma a bayan ganuwa, suna biyan jiziya, suna cikin amanar gari. Su a wurinsu farin nan na Farar Doguwa ne, iskar da suke yi wa yanka don ta tsare gida da gona, shi ya sa idan tuta ta gifta sukan rusuna. Liman ya san da wannan, ba ya kuma so, amma da yake in an ɗaga ta da gudu suke shigowa da mata da awaki, bai taɓa tayar da maganar ba.

Garin yana da wata al'ada tasa. Duk mutumin da hari ya ci, akan yanko ƙyalle daga rigarsa a yi wa tutar maho da shi, ko da ba ta yage ba. Ranar Salla, bayan an sauko daga idi, Mai Tuta zai riƙa dafa kowane maho yana kiran sunan mai shi, Liman na yi masa addu'a, jama'a na cewa amin. Da tafiya ta yi tafiya, maho ya kusa fin asalin tutar yawa, fari a kan fari, wani ya yi ja-ja don tsufa, wani da sauran haskensa. Maiwada ya san su duka kamar yadda mai awaki ya san awakinsa.

Uwar Maiwada, Hajo, Bamagujiya ce ta musulunta ta auri ubansa. Ta rasu yana ƙarami, amma yayanta Baƙo bai yarda zumunci ya bi ta kabari ba. Duk kaka sai ya aiko da damin dawa da kabewa, kuma a gidansa Maiwada ya koyi riƙon fartanya, ko da yake bai taɓa iyawa ba. Baƙo manomi ne na gaske, warki a ƙugu, ƙaho a rataye a wuya don kiran gayya. Idan ya shigo gari cin kasuwa sai ya tsaya a bakin zauren ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ɗan Hajo, ana nan ana gadin tsumma?" Maiwada ya ce, "Ana nan, Kawu." Ba su cika wuce haka ba, amma duk garin an san Maiwada ba ya haɗa kawun nan da kowa.

Wata shekara Baƙo ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya kawo farin ƙyalle ya ce a ɗinka masa taguwa, wai shi ma ya gaji da zuwa bikin kaka da fata. Maiwada ya ɗinka, Baƙo ya kai ta karofi a Malumfashi aka rina ta baƙa wuluk, aka buga mata shuni har tana ƙyalli. Ya naɗe ta ya ajiye yana jiran a gama girbi.

Ba a gama girbin ba mahara suka zo. Da hantsi ne, rabin gari na gona. Baƙo ne ya fara hango ƙurarsu, don gonarsa ce ta ƙarshe ta wajen arewa, a gindin dutse. Dawa ta fi mutum tsawo, da ya kwanta a cikinta da sun wuce shi ba su sani ba. Sai ya hau dutsen ya yi ta busa ƙaho, busar da kowa ya ji ya san ba ta gayya ba ce. Maiwada ya ɗauko tuta ya haye ƙofa ya ɗaga, mutane suka yi ta kwararowa, aka rufe ƙofa kafin dawakin farko su iso. Maharan suka ƙone 'yan rumbunan waje, suka kora shanun da suka samu, suka juya. Mutum biyu aka rasa. Ɗaya Ɗanjuma ne, wani mai jaki da ya tsaya jayayya da jakinsa a bakin rafi. Ɗayan Baƙo ne, a kan dutse aka same shi da kibau a jikinsa.

Bayan an share makoki, iyalin Ɗanjuma suka kawo rigarsa, Maiwada ya karɓa. Washegari sai ga Kande, matar Baƙo, da kaya a kafaɗa irin ɗaukar Maguzawa. Ta durƙusa a bakin zaure ta kwance, sai ga baƙar taguwar nan, ko sau ɗaya ba a sa ta ba.

"Ga ta ɗan'uwanka," in ji ta. Ta gyara, "Ta kawunka. Ba shi da wata tufa sai ita. Fata kuwa na san ba ta ɗinkuwa jikin tuta."

Maiwada ya daɗe yana kallon ɗinkin hannunsa. Ya ce, "Inna, sai na faɗa wa manya."

"Faɗa masu. Mi za su ce? Ba don shi ba, da yanzu rabinsu na kasuwar bayi."

Ya kai maganar zauren mai gari, ya faɗe ta yadda take, cewa kawunsa don garin nan ya mutu, yana so a ƙidaya shi cikin waɗanda suka mutu don garin. Mai gari Sada ya ce shi dai bakinsa bai isa nan ba, ya dubi Liman. Liman Shitu ba mugun mutum ba ne, kuma 'ya'yansa biyu na cikin waɗanda ƙahon nan ya shigo da su. Ya dubi Maiwada ya ce:

"Mai Tuta, abin da Baƙo ya yi, ni ma yana wuyana. A ɗauke wa gidansa jiziya, a kai masu hatsi daga rumbun gari, ni zan fara zuba nawa. Amma tutar nan shahada ke kanta. Duk mahon da ka dafa sai na roƙa wa mai shi gafara, shi kuwa bai mutu a kan abin da zan roƙa masa ba, ka sani na sani. Ga shi kuma baƙi. Yau ka sa baƙi a jikin farin nan, gobe danginsa su ce Baƙar Doguwa ce ta zo wurin 'yar'uwarta, su fara yanka mata akuya a ƙofar gari. Ba zan iya ba."

Babu wanda ya ce Liman ya yi kuskure, har Maiwada. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Ɗanjuma, wanda taurin kan jaki ya kashe, zai shiga tuta ba tare da ko tari ba, mai ƙaho kuwa yana waje. Ya yi sallama ya tashi, ransa a ɓace.

Kwanakin da suka biyo baya ya rasa sukuni. Ranar da zai yi mahon Ɗanjuma, ya sakaya ƙofar ɗakinsa da rana tsaka, ya shimfiɗa tuta a kan tabarma. Ya yanko ƙyalle kamar tafin hannu daga ƙirjin baƙar taguwa, ya kwantar da shi a gefen tutar na ƙasa, ya ɗinke. Ya ninka farin ƙyallen rigar Ɗanjuma biyu ya rufe shi ta gaba, ya sa wani ninkin ta baya, ya bi da ƙananan ɗinki, mafi kyawun da ya taɓa yi a rayuwarsa. Ya ɗaga ta ga hasken taga, babu abin da ya nuna sai ɗan kauri. Ba wai bai san halin sabon shuni ba ne, maɗinki ne, ya san ko gumi ya taɓa shi sai ya zuba. Lissafin da ya yi shi ne tuta ba ta haɗuwa da ruwa. Hari da kaka ake yi, bayan ruwa ya ɗauke, Sallar shekarun nan ma a rani take faɗowa, in kuwa ta zagayo damina, ai akwai rumfa.

Ya je ya gaya wa Kande cewa kawu ya shiga. Ta tambaya ko za ta gani, ya ce ba a gani, a ciki yake. Ta taɓe baki ta ci gaba da sussukarta, ba ta yi masa godiya ba. Ranar Salla da ya dafa sabon maho ya ce "Ɗanjuma," Liman ya yi addu'a, jama'a suka ce amin, shi kuma a zuciyarsa ya raba amin ɗin biyu. Bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba.

Damina ta zo da gardama. Aka yi ruwan shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke kamar an rufe tulu. Shuka ta fara kwanciya, rijiyoyi suka ja baya. Aka yi sadaka, aka yi azumi, tsofaffin mata suka zagaya gari da waƙoƙinsu, Maguzawa suka yi nasu yanke-yanken a gindin tsamiya, shiru. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Liman ya sa ranar fita roƙon ruwa, mai gari kuma ya ce a wannan karon a fita har da tuta, ko Allah zai dubi waɗanda ke jikinta ya ji ƙan na raye. Maiwada ya ɗaga kai ya dubi sama, wayam, ko gajimare babu. Ya ce to.

Aka fita filin idi da hantsi, manya da yara, cikin tsofaffin tufafi. Maguzawa suka tsaya can gefe a inuwar ɗorawa suna kallo, don yunwa ba ta tambayar addinin mutum. Liman ya yi salla, ya yi huɗuba, ya juya rigarsa, kowa ya juya tasa. Ana cikin addu'a iska ta sauya, gabas ta haɗe, kafin a shafa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ruwan da aka fito roƙo kuwa ba a gudunsa, rashin kunya ne. Kowa ya tsaya inda yake yana hamdala, Maiwada na tsaye a gaban sahu da sandar tuta a hannu, ba rumfa, ba inda za shi.

Shi ya fara gani. Mahon Ɗanjuma ya yi duhu daga tsakiya, duhun ya faɗaɗa, ya tsallake ɗinki ya shiga maƙwabtansa, sannan ya gangaro ta gefe ya bi sanda ya sauka a hannuwansa. Bai yi ƙoƙarin naɗe ta ba. Ya tsaya kawai, shuɗin ruwa na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga.

Nan fa masu fassara suka samu aiki. Wani ya ce hadari ne Allah ya zana a jikin tuta don a san an karɓi roƙo. Wani tsohon maharbi ya ce ya taɓa ji daga malamai cewa tutar Manzon Allah baƙa ce, to ga tasu ta fara komawa asali. Wani ya rantse ya ga harafi a ciki, ko da yake shi ko baƙi bai sani ba. Can ƙarƙashin ɗorawa Maguzawa suka faɗi daidai abin da Liman ya ce za su faɗa. Mata dai ba su ce komai ba, don duk wadda ta taɓa wanke sabon zane ta san abin da take kallo. Liman Shitu ya matso, ya dubi tutar, ya dubi hannun Maiwada, ya ce a hankali, "Mai Tuta, in ruwa ya tsagaita ka same ni a zauren mai gari."

A zauren ba a yi doguwar magana ba. Liman ya tambaye shi mene ne a ƙarƙashin mahon, ya ce taguwar kawunsa ce. Aka tambaye shi ko wani ya sa shi, ya ce shi kaɗai ne. Liman ya ce, "Ka sa na yi addu'a a kan abin da ban sani ba, ka sa jama'a sun ce amin. Wannan ya fi baƙin ciwo a wurina." Maiwada ya sunkuyar da kai. Aka miƙo masa aska, ya farke ɗinkinsa da hannunsa a gaban kowa, ya zare ƙyallen, ya mayar da na Ɗanjuma shi kaɗai.

Tabon ne ya gagara. Mai gari ya ce a wanke, sai aka tuna in aka jiƙa ta da toka ɗan sauran rubutun shahada da ruwan sama ya bari zai tafi, tsofaffin ƙyallayen ma ba za su jure cuɗa ba. Aka ce a yanke wurin, sai aka ga shunin ya shiga mahon mutane da dama, ciki har da na uban mai gari, ba kuwa mai yarda a yanke ubansa. Liman ya ce a bar shi, abin da aka sa da gangan an cire, wanda ya rage ba a hannun kowa yake ba. Riƙon tuta kuma aka karɓe daga Maiwada aka ba Hussaini, ɗan ƙanen ubansa. Ya miƙa ta da kubenta na fata, ya koma gida da ɗan ƙyalle a aljihu. Ya yi kuka ranar, ba don sarautar ba, don tun yana yaro bai taɓa kwana a ɗakin da babu tutar nan ba.

Ya ci gaba da ɗinkin taguwa da wando har idonsa ya daina ganin kafar allura. Mutane suka koma kiransa Maiwada. Shekarar ta yi albarka, gero ya yi, dawa ta yi, saboda haka fassarar hadari ce ta zauna a bakin jama'a, har baƙi kan zo daga Matazu su ga tutar da ta yi gajimare. Waɗanda suka san gaskiya ba su ƙaryata ba, ba su kuma ambaci mai taguwar ba.

Sallar da ta biyo baya, Maiwada bai shiga gaban sahu ba. Da aka sauko daga idi ya zagaya can gefe inda Maguzawa ke tsayawa kallo, ya sami Kande tana dogare da sanda. Ya riga ya mayar mata da ƙyallen tun da damina, ta karɓa. Hussaini ya fara dafa maho yana kiran sunaye, Liman na addu'a, ana amsawa. Da ya zo wurin shuɗin ya ce "Ɗanjuma," hannunsa ya ɗan tsaya a kan tabon, sannan ya wuce.

Idon Kande ya yi rauni, ba ta hango komai daga nan. Ta ce, "Yana nan?"

"Yana nan, Inna. Bai fita ba."

"Sun kira shi?"

"Ba su kira ba."

Tun ranar da aka kawo ta gidansa tana yarinya ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ba kuwa za ta fara da tsufa ba. Ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, "To kai mi ya riƙe maka baki?"

Maiwada ya dubi tutar, ya ce, "Baƙo." Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi ƙasa da ita ba, yadda dai ya saba kiran sauran. Na kusa da su sun ji, har wasu daga sahun baya suka waiwayo. Babu wanda ya ce amin, babu kuma wanda ya ce ya yi shiru.

Kande ta gyara riƙon sandarta ta ce, "Na ji. Kama ni mu tahi, rana ta yi."